Daga ICQ Zuwa WhatsApp: Tarihin Yadda Manhajojin Hira Ke Sa Na'ura Nauyi



Kusan kullum sai wani ya ajiye min waya a shago ya ce, "Malam, duba min ita, ta yi nauyi, ina jin bairos ne ya shige ta." In na buɗe, yawanci ba bairos ba ne, WhatsApp ne ya cika ta maƙil. To kafin ka sayar da wayarka a wulaƙance ko ka biya kuɗin filashin, tsaya ka ji asalin wannan matsala, domin ta girmi Android, maganinta ma tsoho ne.

A watan Nuwamba na 1996 wasu samari a Isra'ila, masu kamfanin Mirabilis, suka fitar da ICQ. Ita ce ta yaɗa tsarin nan da muka saba da shi: ka ga wanda yake kan layi, ka tura masa saƙo ya isa nan take. Daga nan AOL ta kawo AIM a 1997, Yahoo ta kawo tata a 1998, Microsoft ta biyo da MSN Messenger a 1999, sai Skype a 2003. Duk a kwamfuta ake amfani da su.

Ga inda gizo ke saƙar. A farko mai Yahoo ba ya iya magana da mai MSN, don haka mutum ɗaya sai ya ɗora uku ko huɗu. Kowacce kuma da ka kunna kwamfuta sai ta tashi da kanta, ta laɓe a gefen agogo tana cin RAM. Ka tuna fa, Windows XP da ta fito a 2001 megabait 128 aka ba da shawarar a sa mata, wato wayarka mai gigabait 2 ta ninka ta sau 16. Idan RAM ya cika, kwamfuta kan koma tana aron wuri a hadis, shi kuwa hadis tafiyar hawainiya yake yi. Maigidan da ya koya min gyara ya taɓa aiki a kafe, ya ce min mutum kan sayi awa guda, amma kafin kwamfutar ta gama farfaɗowa har an ci masa wani abu daga lokacinsa.

Mutanen wancan zamani dabara uku suka yi. Ta farko, su shiga msconfig su hana manhajojin tashi da kansu. Ta biyu, su haɗe su wuri guda: Trillian da ta fito a 2000, da Gaim wadda daga baya ta koma Pidgin, suna buɗe maka Yahoo da MSN da AIM a manhaja ɗaya. Ta uku, su daina ɗora komai, su shiga shafin Meebo na 2005 su yi hirarsu ta burauza. Riƙe waɗannan ukun, za mu dawo kansu.

Mu a nan, yawancinmu ba ta kwamfuta muka fara ba. GSM ya shigo Najeriya a 2001, masu hali suka riƙe BlackBerry suna musayar lambar PIN ta BBM, mu kuwa sai 2go, wadda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu. Ni a Nokiyar yayana na fara, ina satar ta da dare ina neman ƙarin tauraro. Manhajar ba ta kai megabait ɗaya ba, kuma kusan rubutu zalla ake turawa, shi ya sa ƙaramar waya ke ɗaukarta ba gardama.

WhatsApp ma da sauƙinta ta fara. Jan Koum da Brian Acton, tsofaffin ma'aikatan Yahoo, suka kafa ta a 2009, har a ƙananan Nokia tana aiki. Facebook ya saye ta a 2014 kan dala biliyan 19. Sai kaya suka yi ta ƙaruwa: kiran murya a 2015, kiran bidiyo a 2016, Status a 2017, sitika a 2018, guruf da ke ɗaukar mutum 256 ya koma 1,024 a 2022. Su kansu kamfanonin sun san nauyin ya yi yawa, shi ya sa aka yi Facebook Lite a 2015 da Messenger Lite a 2016, ko da yake an rufe ta biyun a 2023.

Bambancin da da yanzu shi ne, yau ba jikin manhajar kaɗai ke da nauyi ba, har da abin da take kwaso maka. Guruf goma, kowanne ana zuba bidiyon biki da wa'azi da barkwanci, wayarka kuma tana saukewa ba ta tambaye ka ba. Idan ma'ajiyar waya ta cika, sai ta rasa inda za ta rubuta ayyukanta, daga nan sai tsayawa da zafi.

Na koyi wannan da tsada. Ina sabon yaron shago, wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta kawo waya ta yi nauyi. Ban tambaye ta komai ba na yi mata filashin. Ashe duk lissafin masu bashinta a WhatsApp yake, ba ta kuma taɓa adana shi a Google Drive ba. Ya tafi. Abin takaici, bayan 'yan watanni wayar ta sake cika, tunda ban taɓa tushen ciwon ba. Har yau in na tuna kunya nake ji.

To ga dabarun nan uku a wayarka ta yau:

1. Hana ta aiki da kanta. A WhatsApp shiga Settings, sai Storage and data, ƙarƙashin Media auto-download ka cire alamar hoto da bidiyo da takardu. A wurin nan akwai Manage storage, zai nuna maka fayilolin da suka haura megabait 5, ka goge marasa amfani.

2. Rage yawansu. In kana da WhatsApp da Telegram da Messenger da Imo, tambayi kanka wacce ka buɗe a makon nan. Sauran ka cire su.

3. Yi amfani da burauza. Facebook yana buɗewa a Chrome, a kwamfuta kuma WhatsApp Web na nan tun 2015, ka rufe shafin in ka gama.

Ka guji manhajojin da ke cewa za su wanke maka waya, talla suke ƙara maka. GB WhatsApp kuwa tana iya ja a rufe maka lamba. Kuma kada ka bar kowa ya yi maka filashin, ko da ni ne, sai ka adana hirarrakinka.

AIM ta rufe a 2017, Yahoo Messenger a 2018, ICQ a 2024, Skype a 2025. Wata rana WhatsApp ma za a iya samun wadda za ta gaje ta, kuma ita ma waɗannan ukun za ka fara duba mata.

Allah Ya sa mu amfana.