Piyano a Sabon Gari: Tsakanin Hunturu da Damina

Ka lura yadda ƙofar katako ke cijewa da damina, ta saki da hunturu? To, abin da piyano ke fama da shi ke nan a Kano.

Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a Italiya wajen 1700, a yanayin da ba irin namu ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari daura da Fagge wajen 1913. Baƙi daga kudu suka gina coci-coci da makarantu, kayan kiɗan Turai suka biyo su.

A cikin piyano akwai faifan katako da wayoyi kusan 230 ke dannewa. In laima ta yi yawa, faifan ya kumbura, wayoyi su ɗaure, sauti ya hau. In iska ta bushe, ya tsuke, sauti ya sauka, wani lokacin ma ya tsage.

A 1913 ɗin nan Albert Schweitzer ya tafi Lambarene ta Gabon da piyano mai rufin tutiya saboda damshi da gara. Matsalar Kano ta fi wannan wuya: laima kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da hunturu, ta haura 70 a Agusta. Masu gyara kuwa sun fi son ta tsaya kusa da 42.

Don haka in kana kula da piyano, nisanta shi da taga da rana, ka sa ma'aunin laima kusa da shi, kuma a saita wayoyinsa bayan kowane sauyin yanayi.