Danny Barker da Farfaɗowar Kiɗan Badujala a New Orleans

An haifi Danny Barker ranar 13 ga Janairu, 1909, a birnin New Orleans na ƙasar Amurka, inda kiɗan jazz ya samo tushe. Ta wajen uwa ya gaji kiɗa. Kakansa Isidore Barbarin ɗan badujala ne, kawunansa Paul da Louis Barbarin kuwa gwanayen ganga ne. Tun yana yaro ya haɗa ƙungiyar yara suna kiɗa a bakin titi ana jefa musu kwabbai. Daga nan ya rungumi banjo, abin kiɗa mai tsirkiya wanda asalinsa ke komawa ga ire-iren gurmi da molo da bayi suka san su a Afirka ta Yamma.

A 1930 ya auri mawaƙiya Louise Dupont, wadda aka fi sani da Blue Lu Barker, ya kuma koma New York. A can ya tarar an daina yayin banjo, sai ya koma jita. Ya yi aiki da ƙungiyoyin Lucky Millinder da Benny Carter, sannan daga 1939 zuwa 1946 ya zauna da Cab Calloway. A irin waɗannan manyan ƙungiyoyi mai jita ba ya fitowa gaba. Aikinsa ya riƙe awon kiɗa, bugu huɗu bayan huɗu, kamar yadda kuntuku ke yi wa kalangu, domin masu ƙaho su sami abin takawa. A wannan fanni Barker ya yi zarra, har sunansa ya fito a ɗaruruwan faifai, ciki har da wanda aka ɗauka a 1945 tare da Charlie Parker da Dexter Gordon.

Amma aikin da ya fi ɗaukaka sunansa bayan ya koma gida a 1965 ya yi shi. Ya kama aiki a gidan adana tarihin jazz na birnin, ya kuma ga abin da ya tayar masa da hankali. Tun ƙarni na sha tara, baƙar fatar New Orleans suna da al'adar raka gawa da badujala: ana tafiya maƙabarta da sauti mai sanyi a hankali, a dawo da mai zafi jama'a na biye suna rawa. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai, waɗanda ke ɗaukar nauyin jana'izar 'ya'yansu, su ke hayar makaɗan. To, a shekarun 1960 masu wannan kiɗa duk sun manyanta, samari kuma sun ɗauke shi kayan tsofaffi. Sana'ar da babu yara a cikinta kuwa ta kama hanyar mutuwa.

A 1970 Fasto Andrew Darby na cocin Fairview Baptist ya roƙe shi ya haɗa wa yaran unguwa ƙungiyar kiɗa. Barker ya bi lungu-lungu yana neman su. Cikin na farko akwai Leroy Jones, yaro ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, wanda ya ji yana busa ƙaho a garejin gidansu. Garejin nan ne ya zama wurin gwaji. Koyarwarsa ba ta allo da takarda ba ce kawai. Yakan sa musu tsofaffin faifai su saurara su kwaikwaya, ya ba su labarin magabata, ya nace a kan tsafta: farar riga, baƙin wando, takalmi a goge, da zuwa a kan lokaci. Mafi muhimmanci, ya fitar da su titi suna kiɗa ana biyansu, suka gane cewa abin sana'a ne mai ci da mutum.

Ƙungiyar ta yi farin jini har manyan makaɗa suka fara ƙorafin yara na ƙwace musu aiki. Matsin lamba daga ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ya sa aka rushe ta a 1974, manyan yaran suka sake haɗuwa da sunan Hurricane Brass Band ƙarƙashin Leroy Jones. Daga wannan zuriya Dirty Dozen Brass Band ta fito, ta cuɗa tsohon salo da sabon sauti, ta kai shi ƙasashen duniya. Wynton Marsalis da yayansa Branford, da Michael White, da Gregg Stafford, da Herlin Riley, duk sun ratsa ta hannun Barker.

Bai tsaya ga kiɗa ba. Ya rubuta tarihin rayuwarsa, A Life in Jazz, wanda ya fito a 1986, littafin da masu binciken jazz ke dogara da shi wajen sanin zaman makaɗan farko. A 1991 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da ake bai wa makaɗan jazz a ƙasar. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 1994, yana da shekara 85. Ɗalibansa na Fairview, waɗanda a lokacin sun zama magidanta, suna cikin waɗanda suka raka gawarsa da badujala irin ta dā, sanye da fararen riguna da baƙin wando.