Yaushe Waya Ta Fi Inji? Taƙaitaccen Tarihin Ƙananan Kwamfutoci Masu Aika Wa Juna Saƙo

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na sauka gidan kawuna a Sabon Tasha, inda yake da gareji a kan hanyar Kachia. Shi kawu a kan 504 ya koyi kanikanci, wato motar da kamfanin Peugeot ya fara haɗawa a Kakuri a 1975. Wata rana aka turo masa motar zamani ta ƙi tashi. Ya duba batir da fulogi da famfon mai, duk lafiya lau. Sai da aka kira wani yaro mai na'urar bincike, ya gano wasu siraran wayoyi biyu ne ɓera ya gwaigwaye. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, yaushe waya ta fi inji?" Neman amsar wannan tambaya ne ya haifar da wannan ɗan rubutu.

Tushen Dabarar

Mai karatu ya sani cewa motar yau ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba. Akwai 'yar kwamfuta mai kula da inji, da ta birki, da ta giya, da mai tantance makulli. Kowace ba ta wuce farce ba, amma da ma'ajiyarta da aikinta. Irin waɗannan sun fara shiga kasuwa a 1974, lokacin da kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da TMS1000.

To, yaya za su yi aiki a lokaci guda ba tare da rikici ba? Hanya ɗaya ita ce su riƙa cin tuwo a akushi ɗaya, wato su yi tarayya a ma'ajiya guda, inda hannu kan yi karo da hannu. A 1978 Tony Hoare na Jami'ar Oxford ya shimfiɗa wata hanyar: kowa ya riƙe nasa, in yana da magana ya aika saƙo. Mai bayarwa sai ya jira mai karɓa ya shirya, a miƙa hannu da hannu. Haɗarinta shi ne wannan ya tsaya jiran wancan, wancan kuma yana jiran wannan, a yi ta jiran gawon shanu.

Daga Takarda Zuwa Na'ura

Kamfanin Inmos na birnin Bristol a Ingila shi ya mai da wannan tunani na'ura. David May ya tsara harshen umarni mai suna occam, sannan a 1985 aka fito da Transputer T414, mai ƙofofi huɗu na hulɗa da 'yan'uwanta. Ana jona goma ko ɗari su raba lissafi ɗaya, don sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai dai kasuwa ba ta yi da ita ba. An sayar da Inmos a 1989, samfurin T9000 ya makara, kwamfutocin Amurka kuma suka tsere mata da gudu.

Amma dabarar aika saƙo ba ta mutu ba. A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar da tsarin CAN, wanda Mercedes ta sa a motarta a 1991. A nan dukkan ƙwaƙwalen mota kan wayoyi biyu suke magana, ba shugaba a cikinsu. Kowane saƙo da lambarsa. In biyu suka yi magana tare, mai ƙaramar lamba shi ke wucewa, ɗayan ya yi shiru ya sake gwadawa. Waɗannan wayoyi ne ɓera ya ci a garejin kawu, har mai tantance makulli ta kasa shaida wa ta inji cewa mai motar ne ya zo. A 2021 kuwa aka fito da Raspberry Pi Pico a kan dala 4, mai ƙwaƙwale biyu masu miƙa wa juna saƙo, ga shi ɗalibi na iya saya ya gwada a ɗakinsa.

Kammalawa

Abin da ya dame ni, 'yan'uwa ɗalibai da malamaina, shi ne da na zo yi wa kawu bayani, kalmomi suka ƙare mini. Magabatansa sun karɓi kafireta da sitiyari sun hausantar da su, suka koyar da dubban yara. Yau kuwa ilimin yana kulle cikin Turanci, mai shekara talatin yana sana'a ya koma jiran yaro mai na'ura, abincinsa yana raguwa. Ina ganin aikin ƙungiyarmu ne mu je garejin, mu ji sunayen da makanikai suka riga suka laƙaba, mu ƙirƙiri sauran tare da ɗaliban injiniya. Kawu dai har yanzu yana jiran cikakkiyar amsa, da Hausa kuma yake son ta.