Tarihin Ziyarar Masu Jego a Gida don Kare Yara daga Cin Zali a Ingila da Amurka

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta bi diddigin wata dabara da ta samo asali a Ingila, sa'an nan ta sake kama a Amurka, watau aika ma'aikaciya gidan sabuwar uwa domin ta taimake ta da reno. Tambayar da ke ƙarƙashin tarihin ita ce: shin ziyara tana hana iyaye gallaza wa 'ya'yansu, ko kuwa kyakkyawar niyya ce kurum?

Asali a Ingila

A cikin 1862 wata ƙungiyar mata masu hali ta garuruwan Mancesta da Salford ta fara aikin tsabta a unguwannin ma'aikatan masaƙu. Da farko takardun gargaɗi suka riƙa rabawa, abin bai yi tasiri ba. Daga baya sai suka ɗauki mata daga cikin talakawan kansu suna bi gida-gida da sabulu, suna koyar da tsabta da ciyar da jarirai. Abin da ya dame su a lokacin mutuwar jarirai ce, domin wajen 1900 kimanin 150 daga cikin kowane 1,000 ba su cika shekara. A 1907 aka yi dokar sanar da hukuma haihuwa cikin awa 36, a 1915 kuma aka tilasta ta ko'ina. Da haka mai ziyara ta san ƙofar da za ta yi sallama, aikin kuma ya koma hannun hukuma. Ƙasar Danmak ma ta kafa irin wannan tsari da doka a 1937.

Sauyin Manufa a Amurka

Maganar cin zali ta shigo ne daga baya. A 1962 wani likitan yara na birnin Denba, Henry Kempe, shi da abokan aikinsa suka buga maƙalar da ta nuna cewa karaya da raunukan da ake gani a hoton ƙashin wasu ƙananan yara ba faɗuwa ba ce, duka ne daga hannun masu renonsu. Kafin ƙarshen 1967 duk jihohin Amurka sun yi dokar kai rahoton irin wannan, gwamnatin tarayya kuma ta yi tata dokar a 1974. Amma fa rahoto sai bayan ɓarna ta auku. Saboda haka a 1976 Kempe ya ba da shawarar a yi koyi da Turai, a riƙa ziyartar kowace mai jego, tun da rigakafi ya fi magani.

Gwaji da Sakamako

Wanda ya auna wannan shawara da ma'aunin bincike shi ne David Olds. Daga 1977 ya tsara gwaji a garin Elmira na jihar Niyok da mata 400 masu cikin fari. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu nas tana zuwa musu tun suna da ciki har yaro ya shekara 2, wasu kuwa babu. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna cewa a cikin 'yan mata matalauta marasa aure, an sami cin zali ko sakaci a kashi 19 cikin ɗari na waɗanda ba a ziyarta ba, amma kashi 4 kacal a waɗanda aka ziyarta. Dalili kuwa shi ne nas ɗin tana koya wa uwa ma'anar kukan jariri, tana haɗa ta da dangi da asibiti, tana kuma rage mata kaɗaici, wanda shi ne ke ingiza gajiyayye ga fushi.

Sai dai ba kowace ziyara ce ta haifar da ɗa mai ido ba. Jihar Hawai ta fara nata shiri a 1985 da ma'aikata waɗanda ba nas ba ne, shi ne kuma ya zama abin koyi ga wani shiri na ƙasa baki ɗaya a 1992. Amma binciken da aka buga a 2004 bai sami raguwar cin zali ta a-zo-a-gani ba, domin masu ziyarar ba su cika gane gidajen da ke da shaye-shaye, ko dukan mata, ko ciwon damuwa ba. Har ila yau, da aka kai tsarin Olds Ingila a 2007, gwajin da aka buga a 2016 bai nuna ƙarin amfani a manyan abubuwan da aka auna ba. Wasu masana sun danganta wannan da cewa da ma can kowace uwa a Ingila tana da mai ziyara. Duk da haka, a 2010 Amurka ta ware dala biliyan 1.5 na shekara 5 domin shirye-shiryen da bincike ya tabbatar da ingancinsu.

Kammalawa

Abin lura shi ne, aikin da waɗannan ƙasashe suka ɗora wa hukuma, a ƙasar Hausa al'ada ta daɗe da ɗora shi kan dangi. Mai haihuwar fari takan tafi wanka gidan iyayenta, ko kuwa wata tsohuwa ta zo ta zauna da ita har a yi arba'in, ga ungozoma, ga 'yan barka. Zaman birni nesa da dangi yana raunana wannan tsari. Tarihin da aka kawo ya nuna cewa in za a cike gurbin, shiga gida kaɗai ba ya wadatarwa: sai an duba horon mai ziyarar, da lokacin da ta fara zuwa, da tsawon lokacin da za ta ɗauka tare da uwar.