Les Feuilles Mortes

Les Feuilles Mortes waƙa ce ta Faransanci da ta shahara wajen siffanta kakar Turai, lokacin da sanyi ke kunno kai, ganyen bishiyoyi ya yi ja ya zube, rana kuma ta riƙa faɗuwa da wuri. Joseph Kosma, haifaffen Budapest, shi ya tsara kiɗanta a 1945, marubuci Jacques Prévert ya rubuta baitocin. An fara jin ta a fim ɗin Les Portes de la nuit na Marcel Carné a 1946, kuma Yves Montand ne ya fi yin suna da rera ta.

Jigonta shi ne begen masoyan da suka rabu, inda aka kwatanta tunanin baya da busasshen ganyen da ake sharewa. Ba ta da kuka ko ɗaga murya. A hankali take tafiya, kuma wannan ne ƙarfinta.

Johnny Mercer ya yi mata sababbin baitoci da Turanci, aka sa mata suna Autumn Leaves. Nasa sun fi na Prévert gajarta da sauƙi, amma su suka kai ta Amurka. A 1955 kiɗan fiyano na Roger Williams ya hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard. Cannonball Adderley da Miles Davis sun busa ta a faifan Somethin' Else na 1958. Har yau tana cikin waƙoƙin farko da ake koya wa ɗaliban kiɗan jaz.