Sawakin, Tsohuwar Ƙofar Alhazai

A gaɓar Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan, akwai wani ɗan tsibiri da a ke kira Sawakin. Ba shi da girma, mai tafiya a ƙasa ya iya kewaye shi cikin rabin sa'a. Amma shekaru aru-aru nan ne mashigar jiragen Hindu da na Yaman da na Masar, nan ne kuma alhazan ƙasashen yamma su ke tsayawa su jira jirgin da zai ƙetare da su Jidda.

Abin da ya ɗaukaka shi mazauninsa ne. Teku ta kutsa cikin tudu ta wata siririyar hanya, sa'an nan ta buɗe ta zama kamar tafki, tsibirin yana tsakiya. Jirgin da ya shiga nan ya tsira daga iska da igiyar ruwa. Ibn Baɗuɗa ya biyo ta wurin wajen shekarar 1330, ya tarar babu rijiya babu gona, ruwan sha ma a jirgi a ke kawo shi. Mutanen garin kuwa suna da labari cewa a nan Annabi Sulaimanu ya tsare aljannu, har yau wasu ba su yarda su kori kyanwa ba.

Bayan Turkawa sun ci Masar a 1517 garin ya koma hannun Sarkin Istambul, a 1865 kuma aka miƙa shi ga Masar. Sa'ad da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 ciniki ya bunƙasa ƙwarai. Ayarin raƙuma na saukowa daga Barbar da Kasala da ƙaro da hauren giwa da gashin jimina, har da bayi, abin da ba a son tunawa. Attajirai suka gina benaye hawa biyu, hawa uku, da wani farin dutse da a ke haƙowa daga teku, dangin murjani, suka sa musu tagogin katako masu sassaƙa. A 1877 Gordon ya sa aka cike hanya tsakanin tsibirin da tudu. Zamanin Mahadi, Usman Digna ya yi shekaru yana kai wa garin yaƙi bai ci shi ba, don Ingilishi sun kewaye shi da ganuwa.

To, abin da yaƙi ya kasa, dutsen nan ya yi. Shi dutsen teku wata ƙaramar halitta ce ke gina shi, kullum yana ƙaruwa, hanyar shiga kuwa ƙunci gare ta, manyan jiragen tururi ba su iya bi sai da haɗari. Saboda haka a 1905 Gwamnati ta soma gina sabuwar tasha kamar mil 35 a arewa, watau Port Sudan, aka buɗe ta a 1909. Attajirai suka kwashe ɗaya bayan ɗaya. Ginin dutsen teku kuwa sai da shafe a kai a kai, in an bar shi damshi da gishiri su cinye shi. Ba wanda ya rushe Sawakin, barinta aka yi ta zube.

Alhazai su ne ba su bar ta ba. Mutumin Kano ko Sakkwato ya kan fito a ƙasa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya tsaya ya yi ƙwadago a gonakin auduga ya tara kuɗin jirgi, wani ya shekara biyar, wani goma, kafin ya ga teku. A Sawakin a kan tsare su a duba lafiyarsu a yi musu lamba. Waɗanda ba su da takarda ko kuɗi su kan yi shiri da masu jiragen katako a fita da su da dare, wasu sun isa, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da yawa ba su koma gida ba, zuriyarsu na nan a garuruwan gabashin Sudan suna jin Hausa. Tun da jirgin sama ya soma ɗaukar alhazai daga Kano wannan hanya ta yi ta mutuwa.

Baƙon da ya je yanzu zai shiga ta tsohuwar ƙofa ya tarar da tsibin duwatsu inda da benaye su ke. Masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, suna tsaye, Turkawa sun gyara su, shugabansu ma ya ziyarci wurin a 2017. A 1991 an buɗe sabuwar tasha a bakin mashigin mai sunan Usman Digna, inda jirage ke ɗaukar mutane da tumaki zuwa Jidda.

Amma in baƙo na son ganin abin da bai yanke ba tun zamanin Ibn Baɗuɗa, sai ya juya baya ga kangaye ya nufi gaɓa. Nan masassaƙa su ke gina jirgin da a ke kira sambuk, a fili, cikin rana. Ba takarda ba zane, awon yana idon babban gwani. Su kan fara shimfiɗa doguwar gungume, shi ne ƙashin bayan jirgi, su nemo rassan itace masu lanƙwasa tun daga halitta su zama haƙarƙari, don reshen da ya tanƙware da kansa ya fi wanda aka yanka ƙarfi. Katakai kuwa a gyara su da gizago har su zauna daidai, a buga ƙusoshi, a cusa auduga a tsakani, a shafe da mai, sa'an nan a yi fenti ja da shuɗi da kore. Yaro ya kan fara da miƙo ƙusa, ya daɗe kafin a ba shi gizago. Yawancin jiragen yanzu inji ke tura su, jiragen roba kuma sun fara shigowa, sun fi araha, su ne abin da masassaƙa ke tsoro.

Masunta su kan fita tun da asuba, wasu a ƙaramin kwalekwale da a ke kira huri, wasu a sambuk su kwana biyu ko uku a teku da ƙanƙara. Kamunsu da fatsa ne, don taru ya kan maƙale a duwatsu ya yage. Kifin da ya fi kuɗi shi ne najil, wani ja mai ɗige-ɗige. Da sun sauke a kan yi ciniki nan take a bakin ruwa, mafi kyau a ɗora a mota zuwa Port Sudan, saura a soya a rumfuna, kyanwoyin nan na zaune gefe suna jiran kai da ƙaya.