Haƙuri da Dogaro ga Allah a Tarihin Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san babu maganar da ake yawan faɗa wa mutumin da ke cikin wahala kamar a ce masa ya yi haƙuri, ya bar wa Allah. Ana faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, da wanda fari ya ƙone wa gona, da ma'aikacin da albashinsa ya makara, har ma da wanda aka zalunta da gangan. Saboda yawan faɗar da ake yi, har ta kai wasu daga cikinmu matasa suna ganin maganar ba ta da wani amfani illa rufe bakin mai kuka. To, manufar wannan ɗan bayani ita ce mu duba tarihin wata al'umma guda ɗaya, watau mutanen ƙasar Zuru, mu ga irin haƙurin da suka yi a lokutan tsanani, da abin da ya sa haƙurin nasu ya haifar da ɗa mai ido. Za mu taɓa zamanin hare-haren Kwantagora, da al'adar golmo, da zamanin aikin soja, sa'an nan mu auna halin da ake ciki a 'yan shekarun nan da ma'aunin da tarihin ya ba mu.

Ƙasar da mutanenta

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta yi iyaka da Jihar Zamfara da Jihar Neja. Masarautar ta ƙunshi ƙasashe biyar, su ne Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Garin Zuru shi ne hedikwata, Rikoto kuwa tana daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Zuru, kuma daga nan mutum na iya hangen duwatsun da wannan tarihi ya rataya a kansu. Mafi yawan mutanen ƙasar su ne waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, su kuwa suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela. Akwai kuma Fakkawa da Bangawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa, ga Hausawa da Fulani da suka daɗe da zama. Hausa ita ce harshen kasuwa da hulɗa tsakanin waɗannan ƙabilu. Game da addini, akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin gargajiya, kuma sau da yawa sai ka same su a zuriya ɗaya. Tun kafin zuwan addinan nan biyu Lelna sun san akwai Mahalicci guda, suna kiransa Asila.

Zamanin Nagwamatse

A tsakiyar ƙarni na 19 wani jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mai suna Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya baro ƙasar Sakkwato ya yi kudu yana yaƙe-yaƙe. A shekarar 1859 aka ba shi sarautar Sarkin Sudan, wajen 1864 kuma ya kafa garin Kwantagora. Ya rasu a 1876, ɗansa Modibbo ya gaje shi, sa'an nan a 1880 sarauta ta faɗa hannun wani ɗan nasa, Ibrahim, wanda shi ma aka fi sani da Nagwamatse. Arzikin wannan masarauta ya dogara ƙwarai a kan kai hari da kama bayi, kuma waɗanda abin ya fi shafa su ne Kambari da Gwari da Kamuku da Dukkawa da Dakarkari. Ibrahim ya yi suna a wannan sana'a har aka ruwaito cewa ya kwatanta kansa da kyanwa wadda ba mai iya hana ta kamun ɓera.

Daga 1864 zuwa 1901 shekara 37 ke nan. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani: yaron da aka haifa a farkon wannan zamani ya yi wayo, ya yi aure, ya haifu, har ya fara furfura, duk a cikin fargabar jin ƙarar kofaton dawaki. Garuruwa da yawa na sarari sun watse, an kwashi mutane an sayar, wasu kuma sun sayi zaman lafiya da gaisuwa. Amma mutanen da ke kan duwatsun ƙasar Zuru ba a iya murƙushe su gaba ɗaya ba, domin kuwa ƙarfin Kwantagora a kan doki yake, doki kuwa ba ya hawa dutse da sukuwa. Duwatsun da kakanninsu suka zauna a kai su suka zama ganuwarsu, baka da kibiya mai dafi kuma suka zama makaminsu.

Abin lura a nan shi ne, zaman kan dutse zama ne na jira, amma dutse ba ya ba da tuwo. Dole da damina a sauko a yi noman dawa, a yi girbi da kaka, a ɗauki hatsin a kai a hau da shi a zuba a rumbu, alhali an san lokacin da aka gama girbi shi ne lokacin da mahara suka fi fitowa. Manomin da ya shuka iri a irin wannan hali bai san ko shi zai ci amfanin ba, amma ya shuka. Wannan shi ne dogaro ga Allah a aikace. Da a ce sun naɗe hannu suna jiran ranar da hari zai ƙare, da yunwa ta yi musu abin da Nagwamatse ya kasa yi. Bahaushe ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, amma sau da yawa mukan manta cewa mai dafa dutsen sai ya yi ta iza wuta.

A farkon shekarar 1901 sojojin Turawan Ingila suka ci Kwantagora, Ibrahim ya gudu, aka kama shi a 1902, aka mayar da shi kan gadonsa a 1903 bayan an karya masa fiffike, ya rasu a 1929. Hari ya tsaya, a hankali mutane suka riƙa saukowa suna kafa gidaje a sarari kusa da gonakinsu. Sai dai sauƙin da ya zo ya zo da nasa ƙayoyin, watau haraji da aikin tilas da mulkin baƙo.

Golmo, makarantar jira

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, ina waɗannan mutane suka koyi irin wannan juriya? Amsar tana cikin al'adarsu ta golmo, wadda wani jami'in mulkin mallaka mai suna P. G. Harris ya yi bayaninta a rubutun da ya buga a kan Dakarkari a 1938. A bisa wannan al'ada saurayi ba ya samun mata da kuɗi. Bayan ya wuce shekarun kokawa, sai ya shiga ƙungiyar tsararrakinsa, su riƙa yi wa iyayen 'yan matan da aka yi musu baiko noma, yau a gonar surukin wannan, gobe a gonar surukin wancan, har damina bakwai. Aiki ne mai tsanani, da zafin rana da ruwan sama, kuma raggo ba shi da wurin ɓuya domin kunyarsa ta noma tana kusa da ta abokinsa. Idan wa'adi ya cika sai a yi murnar fitarsu a lokacin bikin Uhola, watau bikin godiya bayan girbi, daga nan saurayi ya cancanci a ba shi matarsa, a kuma lissafa shi cikin manya.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mai karatun littattafan addini. A Suratul Ƙasas an ba da labarin yadda Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi wa dattijon Madyana aiki a kan sharaɗin shekara takwas ko goma domin ya auri 'yarsa. A Littafin Farawa kuma Kirista suna karanta yadda Yakubu ya yi wa Laban kiwo shekara bakwai saboda Rahila. Ashe Musulmin Zuru da Kiristanta duk suna da inda za su ga hoton kakanninsu.

In muka duba golmo da kyau za mu ga ƙafafu huɗu yake tsaye a kai. Na farko, akwai aiki, domin da fartanya a hannu ake jiran. Na biyu, akwai abokan tafiya, ba a barin mutum shi kaɗai da gonar surukinsa. Na uku, akwai wa'adi sananne, kowa ya san ranar farawa da ranar gamawa. Na huɗu kuwa, wanda aka fi mantawa da shi, akwai alkawari a wuyan wanda ake yi wa aikin. Uban da ya ci gumin saurayi damina bakwai ya ɗauki bashi, kuma idon gari duka na kansa. Ko a labarin Yakubu, abin da ya ɓata sunan Laban shi ne da wa'adi ya cika ya sauya amarya, ya sa aka ƙara wasu shekara bakwai. Alkawari kaya ne, in ji Bahaushe.

A yau golmo ya yi rauni saboda makaranta da addini da auren kuɗi, kuma ba manufarmu ba ce a ce a dawo da shi yadda yake. Darasin da ke cikinsa shi ne abin riƙewa.

Zamanin soja

Turawa ba su daɗe ba suka gane cewa saurayin da ya iya damina bakwai a gonar wani zai iya fareti da doguwar tafiya, saboda haka ƙasar Zuru ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ɗibar soja a Arewa. A Yaƙin Duniya na Biyu an kai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ƙasar Bama domin yaƙar Japan, ta farko ta isa Indiya a 1943, ta biyu a 1944, kuma yawancinsu ba su dawo gida ba sai 1946. A nan jiran ya koma kan mata da tsofaffi, waɗanda suka riƙe gona da yara shekara da shekaru, ba su san ko mai gidan na raye a bayan teku ba. Haka aka sake yi a yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Daga wannan tushe ne ƙasar ta fitar da manyan hafsoshi irin su Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi sarautar Zuru har rasuwarsa a 2025. Idan ana lissafin jarumtar Zuru akan ambaci masu kaki, amma rabin jarumtar tana wurin waɗanda suka zauna a gida suna cika rumbu.

Jarrabawar wannan zamani

Abin baƙin ciki shi ne, fiye da shekara ɗari bayan faɗuwar Kwantagora, ƙasar da ta ba Nijeriya sojoji masu yawa ta sake faɗawa cikin fargabar hari, sai dai mahara na yanzu babur suke hawa, bindiga kuma suke riƙe. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da 60. Ƙauyuka da dama na Danko-Wasagu da Sakaba sun watse, mutanensu suka nemi mafaka a manyan garuruwa har da Zuru. A maƙwabciyar masarauta ta Yawuri, an sace ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni 2021, kuma 'yan mata 11 suka rage a daji, na ƙarshensu ba su dawo ba sai a watan Mayu na 2023. Iyayensu sun yi kusan shekara biyu suna addu'a, amma a tare da addu'ar sun haɗa kai sun kafa kwamiti, sun yi ta kai kuka da neman gudummawa, ba su yarda a manta da 'ya'yansu ba. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 kuma aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25, Allah ya sa a cikin kwana tara suka kuɓuta.

In muka ɗora wannan hali a kan ma'aunin golmo, za mu ga talaka ya cika nasa ɓangaren. Yana noma a inda noma ke yiwuwa, ya sauki ɗan'uwansa da ya gudo, ya sa yaransa makaranta duk da tsoro. Ƙafafu biyun da suka rage, watau wa'adi da cika alkawari, suna hannun shugabanni. Saboda haka duk mai mulkin da ya zo jaje ya ce wa jama'a su yi haƙuri, to ya sani ya zauna ne a mazaunin surukin da ake yi wa golmo, kuma akwai ranar da za a tambaye shi amarya.

Kammalawa

A taƙaice, tarihin ƙasar Zuru ya nuna mana cewa haƙuri da dogaro ga Allah su ne suka raya al'umma a kan dutse shekara 37, suka kuma riƙe gidaje a lokacin da maza ke Bama. Amma haƙurin nan kullum yana tafe da fartanya da rumbu da taimakon juna, kamar yadda malamai ke koya mana cewa tawakkali yana zuwa ne bayan mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya kamata mu ɗalibai, musamman 'yan asalin ƙasar, mu yi amfani da hutu mu zauna da tsofaffin Rikoto da Dabai da sauran garuruwa mu rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da zaman kan dutse da golmo, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu. Ga waɗanda ke gudun hijira a yau kuwa, kakanninsu sun ga ƙarshen Nagwamatse, kuma komai nisan dare gari zai waye. Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, amin.